Sa Hannu na Bakwai

Karatu ne ya kawo Malam Rilwanu Tsafe Alƙahira, amma keken ɗinki ne ya riƙe shi. Shekara biyar ya yi yana karatu a unguwar Darrasa jarrabawa tana kayar da shi, sai ya haƙura ya koma sana'ar gidansu. Shagonsa na unguwar Hayyin Ashir mutum goma yake ciyarwa, har da shi.

Sai dai malanta ba ta sake shi ba. Kullum bayan la'asar sai an kashe kekuna, ya hau teburin yanka ya yi wa ma'aikata darasi. Mutum ne mai son a ji shi, kuma bai iya cewa "ban sani ba". A nan ya sha rantse musu cewa inshora caca ce tsagwaronta.

Ana nan likita ya ce 'yarsa Khairat, mai shekara shida, akwai rami a zuciyarta, sai an yi aiki. Ko shagon ya sayar ba zai isa ba. Wata Samah, wakiliyar wani kamfanin inshora, ta ce akwai hanya: inshorar ma'aikata a dunƙule, wadda ke ɗaukar iyalansu ko da ciwo a jiki. Sharaɗin ɗaya ne, sai kashi biyu cikin uku na ma'aikata sun sa hannu. A mutum goma, bakwai ke nan. Ranar Alhamis za a rufe.

Rilwanu ya fara sa nasa. Biyar suka bi shi don tausayi. Sauran huɗun suka kafe, kuma maganarsa suke mayar masa kalma da kalma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kawo fatawoyin da a da yake yi wa dariya, ya yi kuka a gabansu ba kunya. A gida Khairat ko bene ba ta iya hawa sai an goya ta, leɓenta ya yi baƙi.

Ran Laraba ya tare Abdulwahab, maɗinkinsa, ɗaya daga cikin huɗun, shekara tara suna tare, wanda ke rubuta darussan nan a littafi.

"Abdulwahab, don Allah. Ni na yi kuskure."

"Malam, yaushe? Da, ko yanzu?"

Rilwanu ya durƙusa ya riƙe masa ƙafa.

"Tashi, Malam, kada ka ɗora min zunubi. Jini ko ƙoda, ɗauki. Wannan takarda kuwa, wallahi tsoron Allah nake ji. Kai ka sa min shi."

Alhamis da hantsi Samah ta zo, ta duba takardar ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya ustaz. Shida cikin goma ba su kai ba."

Abdulwahab ya tsayar da kekensa. Yana da mata da 'ya'ya uku a unguwar Arba wa Nus, kuma kowa ya san baƙo ba ya samun aiki da sauƙi a garin nan.

"Shida cikin tara fa?" ya tambaye ta.

"Sun kai."

Ya naɗe rigar da bai gama ba, ya ajiye almakashi a kanta.

"Khalas, shi ke nan, rubuta na bar aiki. Malam, a gaida Khairat."

Rilwanu ya bi shi har bakin titi yana kiran sunansa. Bai ce masa ya dawo ba.