Saitin Bindigar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, bai taɓa kuskuren harbi ba tun da aka haife shi. Haka dai yake faɗa. Idan ya harbi gyado ya wuce, to albarushi ne ya sha sanyi. Idan biri ya tsira, iska ce ta kaɗa. Idan kuwa babu iska kuma albarushi a bushe yake, sai laifin ya taso tun daga ƙauyensu na bayan Doguwa, ya zo ya sauka a bakin maƙerata a Tudun Wada.

Ni ba na ƙera bindiga. Garma da fartanya da lauje su ne abin da na gada. Amma maharban yankinmu sun san hannuna a kan ƙananan gyare-gyare, musamman saiti. Ta Kawu adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, doguwa, idan ya tsayar da ita har haɓarsa take kaiwa. Saitinta 'yan ƙarafa biyu ne mitsi-mitsi. Ɗaya yana zaune can a bakin bindiga kamar ƙwayar shinkafa, ɗayan yana baya kusa da ido, da 'yar tsaga a tsakiyarsa. Maharbi ya sa ƙwayar a cikin tsagar, ya ɗora su a kan abin da yake nufi, shi ke nan. Na gaba da tagulla nake yin sa don ya ɗauki haske, na baya da baƙin ƙarfe don kada ya yi ƙyalli. In goga da magagari, in ɗaga in duba, in sake gogawa. Garma dukanta ake yi ta ji magana, wannan kuwa sai lallashi, ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba. Sau da yawa na yi wurgi da magagari na fita shan iska.

Kawu ba shi da sarauta, ba shi da shanu, gonarsa ma ba ta fi ta kowa ba. Abin da yake da shi bindigar nan ce. Gonakinsu a gefen daji suke ta hanyar Riruwai, kuma da zarar masara ta fara goyo, birai da gyado sai su ɗauka su ma da su aka yi shuka. A lokacin ne kowa a ƙauyen yake tuna yana da zumunci da Kawu. A kawo masa fura, a kawo masa goro, a gaishe shi tun daga nesa. In aka raba shi da bindigar, tsoho ne kawai a gindin bishiya, kuma ya fi kowa sanin haka.

Wata shekara ya zo mini da ita an ɗaure gindinta da robar tayar keke. A jikin katakon gindin akwai wani ɗan rami inda yake ajiye tsumma mai maiƙo na naɗe harsashi da 'yar allurar tsokale kafar da wuta ke bi, to murfinsa na katako ne ya faɗi a daji. Kunya ta kama ni. A ce kawun maƙeri yana yawo da roba! Na samo wani tsohon farantin tagulla na yanka, na buge shi ya bi lanƙwasar katakon, na yi masa maƙali, na sa masa guntun ƙarfen lema a ciki yadda da an taɓa da babban yatsa zai buɗe ƙas. Da na ga ya yi kyau sai son burgewa ya ɗebe ni, na zana zabuwa a kai da bakin ƙusa, har da ɗigo-ɗigon jikinta.

Kawu ya karɓa, ya miƙe hannu can nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, sannan ya shafa da yatsa.

"Wannan ganyen ya yi kyau," in ji shi.

"Kawu, zabuwa ce fa."

"Yo zabuwar taka ce ta yi kama da ganye, laifin wa?"

Na yi dariya, amma na fara zargin idonsa. A ranar kuma ya ce mini tsagar saitin baya ta lalace, wai ta narke ta zama biyu. Na duba, lafiyarta ƙalau. Sai na tuna abin da na ga mahaifina yana yi wa tsofaffin maharba. Idon da ya manyanta ba ya riƙe abin da ke kusa da shi, don haka sai a ciro saitin baya a matsar da shi gaba kaɗan a kan doron bindiga, a cike tsohon gurbin da tagulla. Haka na yi. Ban ce masa idonsa ba ne, wa ya isa? Cewa na yi saitin ne ya gaji da wurin.

Dabarar ta ci. Daminar nan har cinyar gada ya aiko mini, tare da saƙon cewa na fara zama maƙeri. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk bayan 'yan damuna sai ga shi, ya zauna a kan kututturen da ke bakin ƙofa, ya zage ni tas, ni da magagarina, ni kuma in matsa masa gaba. Cikon tagullar suka jeru a kan doron bindigar kamar sawun kaza. Duk maharbin da ya gani ya san ma'anarsu, amma ban taɓa jin wanda ya tanka ba. Da 'ya'yansa suka matsa aka kai shi asibiti a birni, likita ya ce hawan jinin ido ne, ba a yi masa aiki ya warke, sai dai maganin ɗigawa ya rage masa gudu. Kawu ya dawo yana cewa likitan yaro ne.

Babban ɗansa taubashina ne, ba ma haɗuwa sai mun yi wa juna tsiya. Ran da ya shigo maƙera ya yi sallama a hankali ya nemi wuri ya zauna, na san ba lafiya. Na ajiye masaba.

Ya ce da hantsi Kawu yana tsaron gona ya ga masara tana motsi, ya saki wuta. Ashe maraƙin maƙwabcinsu ne, wani Bafulatani da suka daɗe tare, gona da gona. Allah ya tsare, kunne kawai ya shafa. Mutumin bai kai ƙara ko'ina ba, bai ma yi wa Kawu maganar ba. Shi taubashin nawa ya samu a gefe ya ce masa, "Maraƙi ba komai ba ne. Amma ɗana ne yake biye da shi."

"Mun yi magana da ƙannena, bindigar nan sai an karɓe ta," in ji taubashina. "To amma ka san Baba. In mu muka karɓa, har ya mutu ba zai yafe mana ba. Ya ce saiti ne, jibi zai kawo maka. Kai kaɗai yake jin maganarka a kanta. Don Allah ka gaya masa."

Raina ya ɓaci. Na ce wato su 'ya'yan kirki, ni ne za a tura in yanka tsoho? Na faɗi maganganu, shi kuwa yana kallon toka. Da na huce na ga gaskiyarsa, kuma na ji tsoro ƙwarai, don ina son mutumin nan kamar mahaifina.

Ranar suka iso a babur da rana tsaka. Kawu ya sauko yana faɗa tun kafin ya gama amsa gaisuwata.

"Kai maƙerin banza, ka kusa ja mini abin kunya. Matsar da shi gaba."

Na karɓa na duba. Akwai sauran wuri a doron bindigar, da zan iya matsawa. Na tabbatar babu komai a cikinta, na ce kafin in taɓa mu zagaya baya ya auna in ga inda matsalar take. A bayan maƙera akwai wata ɗorawa da nake rataya farin murfin kwano a jikinta idan za a gwada saiti. Na tafi da murfin, na tarar ƙusar ta fita, na juyo don in ɗauko wata. Ina cikin tahowa sai na ga Kawu ya riga ya kafa gwiwa ɗaya a ƙasa, ya ɗora kunci a kan katako, bakin bindiga yana kallon bishiyar. Hannunsa ko rawa ba ya yi.

"Yawwa, ga shi can na gan shi," in ji shi. "Amma ka rataye shi ƙasa da yawa."

Na tsaya cak. Babu komai a jikin bishiyar. Ban san lokacin da murfin ya suɓuce daga hannuna ba, ya faɗi a kan dutse a gefensa, ya yi ta ƙara yana juyawa har ya kwanta.

Kawu bai ɗago nan da nan ba. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke bindigar a hankali, ya dafa ta ya miƙe. Ya koma kan kututturensa ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya yi hamdala. Ya kwantar da ita a cinyarsa, ya sa babban yatsa a kan saitin, ya riƙa bin cikon tagullar nan baya-baya, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai na ƙarshe, wanda ya fi kusa da ido.

"Nan," ya ce. "Mayar da shi nan."

"Kawu, ai a nan ba za ka ga..."

"Na ce maka ni zan harba?"

Na ɗauki magagari. Ban taɓa yin aiki a hankali kamar na ranar ba, kuma ban taɓa jin nauyin aiki kamarsa ba. Idona yana kawo ruwa, ina ɗora wa hayaƙin gawayi laifi alhali wutar ta daɗe da mutuwa. Kawu yana zaune yana sauraron gugar ƙarfen, sau ɗaya kawai ya ce in bi a sannu kada in ci doron.

Da na gama na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya nuna inda ɗansa yake da haɓa. Taubashina, ƙato da furfura a gemu, ya rufe fuska da hula.

"Karɓi mana," in ji Kawu, "hannunsa zai gaji. Kuma ka riƙa shafa mata mai, ba irin riƙon da kake yi wa babur ɗin nan ba."

Ya karɓa, ya rataya ta a ƙirji, ya tayar da babur. Na riƙe Kawu ya hau baya. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya ɗauke, ya gyara hula, ya sake saukewa, ya rasa inda zai ajiye su. Sai da babur ɗin ya fara tafiya sannan ya kama kafaɗun ɗansa da hannu biyu.