Takardar da na ɓoye a hula

In ana lissafin ranakun da ba sa fita raina, ranar da na kai wa Hadiza takardarta ce a sahun gaba. Tun yanzu in faɗa muku, kada ku wahalar da kanku neman wawan labarin. Ga shi zaune gabanku.

Shekara ashirin da shida ina masinja a wani kamfanin fitar da citta da riɗi a Ikeja. Masinja, don ku 'yan bana-bakwai, shi ne wanda ake ba takarda ya sa hannu a littafi, ya hau danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, ya miƙa ta hannu da hannu. Makaranta a aji huɗu na yi mata sallama, amma a wannan fanni ni farfesa ne.

Hadiza 'yar maƙwabciyata Hajiya Laure ce a Agege. Ni na kai takardar neman aikinta kamfaninmu da ƙafata. Aikinta amsa wa masu sayen kayanmu na ƙasashen waje a kwamfuta, kuma tun zamanin korona daga gida take yi. Sai ga labari wai wani tsibiri, Morishas, yana ba irin su biza: ka je ka zauna bakin teku ƙarƙashin kwakwa, aikinka na nan Legas. Sharaɗinsu, kamfani ya ba da takarda mai hatimi cewa ma'aikaciyarsa ce. Ita kuwa ranar Juma'a wa'adin da aka ba ta zai cika.

Ran Talata manaja ta sa hannu a takardar, ta miƙo mini, ta ce, "Baba Sale, yau ɗin nan ta isa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni fa? Ba a rubuta wa masinja irinta?"

Ta yi dariya har da share hawaye. Wannan dariya ce ta tsaya mini a wuya. Ni da na tsufa ina shaƙar hayaƙi a Oshodi, yarinyar da aka yi sunanta a gabana za ta je shan iska a tsakiyar ruwa! Na ninke takarda na cusa cikin hula. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. In na hango Hadiza sai in sauya lungu. Ko alwala zan yi, sai na waiwaya kafin in cire hular.

Ran Juma'a da hantsi tsoron Allah ya kama ni. Na yi sallama gidansu ina haki, na ce, "'Yata, cunkoso ne ya riƙe ni."

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Lah, Baba, da ba ka wahala ba. Tun Talata sakatare ya ɗauki hoton takardar ya turo mini ta waya. Har sun amsa."

Nan na gane masinja ba shi da dukiyar da ta wuce amana, ni kuwa na zubar da tawa a kan takardar da ba mai jira. Don in rufe kunya na ce, "To Hajiya, saura ni. Ni ma a nema mini bizar, in riƙa aiki daga can."

Hajiya Laure ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba. Ta ce, "Malam Sale, daga Ikeja zuwa Agege kwana uku ka yi. In daga tsibiri ne, ai sai jikokinmu su karɓi saƙon."