Intabiyu a Falon Yaya

Ina tsakar gida ina wanke shinkafa saƙon ya shigo wayata. Jami'ar ƙasar wajen da na nemi gurbin karatun likitan haƙori ce, suka ce za su yi mini intabiyu ta bidiyo ranar Alhamis ta sama, ƙarfe sha ɗaya na safe. Na karanta sau uku. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi yake, jikin katangarmu kuma akwai mai injin markaɗe da ba ya hutawa daga hantsi har azahar. Sabis ma sai mutum ya fita zaure yake samu. Shi ya sa Baba ya ce in je gidan babbar yayata da ke aure a Tarauni, tunda mijinta ya sa sola kuma yana da kwamfuta.

Kwana tara na yi ina haddace amsoshi da Turanci a gaban madubi. A takarda ba na jin tsoron Turanci, amma ban taɓa yin hira da shi ta minti biyar da wanda ba ya jin Hausa ba.

Ranar da safe Umma ta dafa kaina ta daɗe tana addu'a. Baba ya raka ni bakin titi, ya tare mini adaidaita.

"Ki ɗaga murya, kin ji ko? Ban da sunkuyar da kai," ya ce.

"To, Baba."

Ni kaina da ƙyar na ji abin da na faɗa. Kafin mu wuce cunkoson kasuwar Tarauni, gumin hannuna ya jiƙa takardar da nake bita har tawadar ta fara narkewa.

Yaya ta share falo, ta ɗora kwamfutar a kan teburin guga, ta kashe fanka don kada ta yi ƙara. Sau uku ina shiga banɗaki. Da lokaci ya yi ta fita ta ja ƙofa, na danna wurin shiga intabiyun.

Mutum uku suka bayyana, maza biyu da wata dattijuwa mai furfura da tabarau. Ita ta fara magana, ba ko murmushi. Ta ce me ya sa na zaɓi haƙori, ban zaɓi wani fannin ba?

Wannan ce amsar da na fi haddacewa, amma na neme ta na rasa. Ɗaya daga cikin mazan ya duba agogonsa. Ganin shirun zai kashe ni, na kama abin da ya fara zo mini. Na ba su labarin Umma: yadda turmin haƙorinta ya yi kogo ina aji uku na sakandare, yadda wani mai cire haƙori na bakin kasuwa ya fizge shi ya bar guntu a cikin dasashi, fuskarta ta kumbura har idonta ɗaya ya rufe, muka yi sati biyu muna jinya a asibiti. Turancina sai karyewa yake, ina ɗorawa.

Ina cikin magana na lura dattijuwar ta daina motsi. Fuskokinsu suka daskare, sannan allon ya yi baƙi.

A saƙonsu sun rubuta cewa wanda layinsa ya yanke ya wuce minti biyar, an rufe da shi.

"Yaya! Yaya, ya ɗauke!"

Ta faɗo falon ko ɗankwali babu. Ta dudduba, ta kunna datar wayarta, ta ce in rubuta lambobin sirrin da za ta karanto mini. Sau biyu ina kuskure. Ta ture hannuna ta rubuta da kanta, tana ta innalillahi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa idona na kan agogon bango, kuka ya riga ya ƙwace mini.

Masu intabiyun suka dawo kafin in goge fuska. A 'yar tagar da ke gefen allo na hango kaina, kwalli ya zubo mini har kumatu, ga Yaya tana rarrafe tana fita don kada a gan ta.

Dattijuwar ta dube ni ta saman tabarau. "Akwai ruwa kusa da ke? Sha. Muna jira."

Na ɗauki kofi na sha.

Sai ta ce, "A ce ke ce likitar. Kina cire haƙori ya karye, guntu ya maƙale, mara lafiyan bai sani ba. Me za ki yi?"

Na ce ban san yadda ake fitar da guntun ba, ba a koya mini ba tukuna. Amma zan gaya masa kafin ya tashi daga kujerar, in kira wanda ya fi ni sani.

"Ko da zai yi fushi ya kai ƙararki?"

"Ko da zai kai."

Ta rubuta wani abu. Mazan suka yi nasu tambayoyin, ɗaya a kan sinadarin da ake sa wa man goge baki, na ce ban sani ba. Suka yi godiya, allon ya rufe. Na zame daga kujera na kwanta a kan tayil.

A gida na ce wa Baba an yi lafiya, ban ƙara komai ba. Sati uku duk ƙarar da wayata ta yi sai na yi wuf na duba. Ranar da amsar ta zo na kasa buɗewa. Na hau adaidaita har Tarauni na miƙa wa Yaya wayar, na juya mata baya.

Sai na ji guɗa a bayana, mai ƙarfin da ta sa maƙwabciyarta ta leƙo tana tambayar wa ya haihu.