Zaman Makokin Mai Sanƙo

Ban san sunansa ba sai bayan na gama jami'a, kuma ko yanzu ba ni da tabbacin ina faɗarsa daidai. Mu dai Mai Sanƙo muke ce masa. Ɗan wasan Amurka ne, gajere, kakkaura, hancinsa kamar an danna da babban yatsa. A iya sanina bai taɓa fitowa a jarumi ba. Yau shi ne ɗan sandan da ke cin burodi a mota, gobe mai otal ɗin da ke miƙa mukulli, jibi yaron bos wanda ake fara harbewa. A wasannin talabijin kuma yakan zama likita ko alƙali, ya faɗi 'yar maganarsa ya wuce.

Mutum biyu ne suka riƙe shi da muhimmanci a Kano, ko in ce biyu na sani. Na farko kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda nake zaune a gidansa a Fagge. Tun yana saurayi yake tsaron shagon atamfa na wani attajiri, shi ke karɓar dila, shi ke sallamar 'yan sari. Na biyu amininsa, mai gyaran talabijin a Sabon Gari. Kirista ne, iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma a nan aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa gishiri. Kawu na kiransa Injiniya, shi kuma yana kiran Kawu Alhaji, alhali a lokacin ba wanda ya kai ga sunan a cikinsu.

Duk Lahadi bayan la'asar Kawu yakan hau adaidaita ya tafi shagon Injiniya. Sai a kunna talabijin ɗin wani da aka kawo gyara, wai gwaji ake yi. Ba labarin fim ɗin suke bi ba, jiran mutuminsu suke.

"Ga shi nan!" in ji Kawu. "Yau kuma me ya zama?"

"Direban tasi. Aikin likitan bai karɓe shi ba."

Da na gama karatu ina jiran aiki, sai suka naɗa ni tafinta. Ban cika gamsar da su ba. Nakan ce kamar dai yana nufin kaza, ko da yake tana yiwuwa gatse ne. Kawu ya ce, "Ɗan boko, kafin ka zaɓi ɗaya an harbe shi."

Wata Lahadi Mai Sanƙo ya fito a mai tsaron kantin wani. Injiniya ya buga cinya ya ce, "Alhaji, wallahi kai ne wannan! Shagon wani, sunan wani a allo, amma ran da ka tashi sai a rufe."

Ni a ganina yabo ne, ko aƙalla rabinsa na ƙarshe yabo ne. Kawu kuwa rabin farkon kawai ya ji. Ya zura takalmansa a hankali ya ce, "Ni ne yaron bos ke nan." Ya fita. Watanni suka shuɗe bai taka Sabon Gari ba. Lahadi ta zama ranar da yake zama a zaure yana yi wa kowa faɗa, har abinci ya rage ci. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ga alamar amincin da ya girme ni zai mutu a kan magana ɗaya.

Sai wata safiya na gani a waya Mai Sanƙo ya rasu, da tsufansa, a gidansa. Na duba wurare da dama kafin in yarda. A wurinmu ba a jefa wa babba labarin mutuwa haka kawai, don haka na durƙusa gaban Kawu na fara daga nesa.

"Kawu, Mai Sanƙo fa ba ya jin daɗi."

"To."

"Jikin kamar ya yi tsanani."

"Ya mutu dai?"

"Haka ake ta faɗa."

"A wane fim ɗin?"

Na ce ba a fim ba. Ya ce shi da idonsa ya ga an jeho mutumin nan daga saman bene, ya ga mota ta kama da wuta da shi a ciki, mako ya zagayo ga shi yana sayar da magani. Sai da na nuna masa hoton, tsoho tukuf da sanda, sannan ya yarda. Ya yi salati. Can ya ce a fito masa da tabarma a shimfiɗa a ƙofar gida.

"Je ka gaya wa wancan," ya ce. "Ni na fara gane Mai Sanƙo. In yana da mutunci ya zo ya yi min gaisuwa."

Raina ya ɗan yi sanyi, don mai gaisuwar mutuwa ba a korarsa, komai gaba. Na hau adaidaita. Na tarar da Injiniya ya riga ya ji, har ya jera kujerun roba a ƙofar shago, ya sa baƙar riga.

"Ni zan je?" ya ce. "A shagon wa yake fitowa? Wutar wa yake sha? Mamacin nawa ne. Ka gaya wa kawunka ana zaman makoki a nan."

Na koma na isar da saƙon, na rage masa kaifi gwargwadon yadda gaskiya ta bari. Kawu ya ce ko a mafarki. Amma kafin nan abu ya soma lalacewa. A Fagge ba a ganin dattijo a kan tabarma da safe, kansa a sunkuye, a wuce shi. Mai shayi ya zo ya tsuguna ya ce ya haƙuri. Tela ya zo. 'Yan kasuwa masu wucewa suka cire takalma. Wani ya aro ƙarin tabarma daga masallaci. Matar Kawu ta leƙo tana tambayata da ido.

Wani dattijon maƙwabci ya ce, "Malam, ɗan'uwa ne?"

Kawu ya ce, "Sanayya ce ta shekaru."

"A ina ya rasu?"

"Can nesa."

"An yi jana'iza?"

Kawu ya dube ni. Na ce ban samu cikakken bayani ba tukuna, wanda gaskiya ne.

Da aka ce ga mai unguwa can tafe, sai Kawu ya ja hannun rigata ya raɗa min, "Tsayar da adaidaita ta bayan gida." Ya shiga ciki kamar zai kama ruwa, muka sulale ta lungu. Direba ya ce ina muka nufa. Kawu ya daɗe yana kallon titi kafin ya ce Sabon Gari.

Injiniya na zaune shi kaɗai cikin kujerunsa, ba wanda ya zo masa. Ya miƙe. Suka tsaya suna kallon juna, ni kuma ina kallon wata tsohuwar fanka.

"Ba gaisuwa na zo ba," in ji Kawu. "Gudowa na yi."

"Zauna dai, Alhaji. Ka rame."

"Kai ma baƙar rigar nan ba ta yi maka kyau ba."

Ya zauna. Injiniya ya aika a kawo lemo mai sanyi, ya shiga laluben faifai a cikin kwali. Na jawo kujera ni ma, sai Kawu ya ɗaga min hannu.

"Ina za ka zauna? Mutane na can a ƙofar gida. Koma ka karɓi gaisuwa."

Haka na wuni a kan tabarmar nan har azahar ta wuce. Duk wanda ya tambaye ni wa ya rasu, sai in ce wani bawan Allah ne, dattijo, ya yi ayyuka iri-iri, kuma a iya abin da muka gani bai taɓa raina ko ɗaya ba. Mai unguwa ya jinjina kai ya ce irinsu sun yi ƙaranci. Kawu bai dawo ba sai gab da magariba, yana shigowa ya tambayi abinci.