Direban da Ya Haddace Allon Gwajin Ido

Al'amura da dama sun wuce ta kan teburina a shekarun da na yi ina riƙe da takardun wani kamfanin sufuri a nan Jos, kuma mafi yawansu na manta da su, ko an tuna mini sai na yi dogon nazari. Amma abin da na gani a ɗakin gwajin ido, ranar da muka kai direbobinmu horon sabunta ƙwarewa, shi kam ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi.

Kamfanin namu matsakaici ne. Muna da motocin bas masu jigilar fasinja tsakanin Jos da Abuja, da wasu manyan motoci masu kwasar dankalin Turawa da kabeji zuwa kudu. Aikina shi ne adana fayil ɗin kowane direba: lasisinsa, da ranar da ya kama aiki, da shaidar cewa ya halarci horon da aka wajabta wa direbobin haya su riƙa komawa lokaci zuwa lokaci. A ƙa'idarmu, wanda wa'adin shaidarsa ya cika ba a miƙa masa makulli sai ya sabunta ta. A wajen horon ana tuna musu yadda ake saukar gangara da kaya ba tare da an ƙone birki ba, da tazarar da ta kamata a bari tsakanin mota da mota, da haɗarin tuƙi cikin gyangyaɗi. Daga ƙarshe a auna jinin kowa, a gwada idonsa.

Direbobi ba su taɓa son wannan horo ba. Komawa firamare suke kiransa. Sukan ce yaron da bai taɓa juya tirela a lungu ba shi ne zai tsaya da alli yana koya musu birki. Ni dai ba na shiga wannan gardama, nawa in ga takarda.

A cikinsu akwai wani dattijo mazaunin Kwararafa, wanda kowa ke kira Baba, har mai kamfanin. Shi ne mafi daɗewa a kan sitiyari, kuma kusan rabin direbobinmu a hannunsa suka koya. Fayil ɗinsa shi ne mafi tsabta a ofishina, babu hatsari, babu ƙorafin fasinja. Akwai matan kasuwa da sukan bar mota biyu su tashi don su jira tasa. A 'yan shekarun na lura ya daina ɗaukar lodin yamma, sai na safe kaɗai, kuma ba ya gaishe da mutum sai mutumin ya fara magana. Na ɗauka tsufa ne da girma, kamar yadda kowa zai ɗauka.

A wannan shekara cibiyar da ke ba mu horon ta nemi kowane kamfani ya turo wakili ya zauna a wajen gwajin lafiya, sai mai gida ya tura ni. Tsakiyar damina ce, ana yayyafi tun safe, ga sanyin nan namu mai shiga ƙashi. Direbobi sun jeru a kan benci a baranda, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Shugabansu, wani ƙaton mutum daga Tudun Wada mai yawan barkwanci, shi ya fara shiga. Da ya fito bai tafi shan shayi kamar yadda ya saba ba, sai ya zauna kusa da Baba, ya sunkuyar da kai, yana buga masa gwiwa da yatsa a hankali. Na ji suna maimaita wani abu ƙasa-ƙasa kamar masu tilawa: “Dama, ƙasa, hagu, dama, sama.” Na zaci kwatancen wani gida ake yi masa, na wuce ciki.

Ya kamata in bayyana yadda allon gwajin yake, domin wanda bai taɓa gani ba. Farin allo ne da ake ratayewa a bango, an zana masa wata alama mai haƙora uku kamar manjagara. A layin sama alamar babba ce, tana ƙanƙancewa har zuwa layin ƙasa. A kowane wuri haƙoran suna fuskantar wani ɓangare, sama ko ƙasa, hagu ko dama, aikin wanda ake gwadawa shi ne ya faɗi inda suka duba. An yi shi haka ne domin wanda bai yi boko ba ma ya iya amsawa. Masu gwaji kuwa sun saba farawa daga sama su bi layi-layi har ƙasa, ba sa tsallake ko ɗaya.

Mai gwajin ranar wata ma'aikaciyar jinya ce, dattijuwa, sabuwa a cibiyar, 'yar Anguwan Rukuba. Sista ake ce mata. Ba ta da yawan magana, sai dai tana kallon fuskar mutum fiye da yadda take kallon allon.

Baba ya shigo da sallama, ya zauna a kujerar da ke ƙarshen ɗaki, ya gyara hularsa. Ta ba shi kwali ya rufe idon hagu, ta ɗora sanda a kan layin sama. Ya amsa daidai. Ta sauko, ya amsa daidai. Sai dai amsar tasa tana riga sandar isa wurin. Na ga Sista ta dube shi, ta dube ni. Ta ce ya sauya, ya rufe na dama.

“To Baba, mu je,” in ji ta.

Ya fara daga farko, murya a sake. Yana cikin layi na biyu ta sauke sandar ta jingine ta da bango. Bai tsaya ba. Ta sa hannu ta zare allon daga ƙusa a hankali, ta riƙe shi a bayanta. Babu abin da ya rage a gabansa sai farin bango da ƙusa. Baba ya ci gaba: “Hagu, sama, sama, dama, ƙasa.” Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, wanda ni mai tabarau ma sai na matsa nake iya rabewa. Da ya kai aya ya sauke kwalin yana murmushi.

“Sista, na ci ko?”

A nan ne idonsa na dama ya nuna masa bangon. Murmushin ya tsaya a fuskarsa na ɗan lokaci, kamar bai san inda zai tafi ba.

Sista ba ta yi masa faɗa ba. Ta matso, ta haska masa 'yar tocila a kowane ido, sannan ta ce, “Baba, yanar ido ce. Ta rufe wannan gaba ɗaya, ɗayan ma ta ci rabi. Ana cirewa fa, ba ƙarshen duniya ba ne. Amma yanzu kam ba za ka ɗauki mutane ba.” Ta juyo wurina. “Oga Sakatare, ka gani da idonka, ko? Kada gobe a ce Sista ta yi wa tsoho sharri.”

Na ce na gani.

Kafin in kai bakin ƙofar cibiyar direbobi sun kewaye ni. Shugabansu ya kama hannuna da hannu biyu, babu sauran barkwanci a bakinsa.

“Sakatare, don Allah don Annabi. Ka rufa wa dattijon nan asiri, Allah ya rufa maka. Tsohuwar shaidarsa tana fayil, wa zai duba in ba kai ba? Ka bar shi ya kai ƙarshen shekara, autarsa ta gama makaranta, mu da kanmu za mu sa shi ya ajiye.”

Na tambaye shi tun yaushe suka sani. Sai wani daga baya ya ce ai wannan ce damina ta uku. Daga nan bayani ya fito. Ashe su ne suka tsara a riƙa bar masa lodin safe. Ashe duk ranar da zai tashi, ɗayansu yakan tashi a gabansa da gangan, ya riƙa tafiya a hankali domin Baba ya bi bayansa. Ashe a horon da ya wuce ma da wannan tilawa ya ci gwajin. Kuma suna faɗa mini ne da alfahari, a matsayin hujjar cewa an ɗauki mataki, babu abin tsoro.

Ban cika ɗaga murya ba, amma ranar na ɗaga. Na ce wa shugaban, “Maiɗakinka tana zuwa Abuja saro kaya. Motar wa take shiga?”

“Ta Baba mana,” ya ce, har yana mamakin tambayar. “Ai ita ce mafi aminci.”

Wannan amsa ta fi komai ba ni tsoro, domin da gaske yake. Ba wai sun san haɗarin suka rufe ido ba ne. Ƙaunar da suke yi wa mutumin ta kai su ga yarda cewa ko babu ido zai kai mota.

Baba da kansa ya iso, suka dare masa. Bai roƙe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, “Ɗana, hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. Kowace kwana, kowane rami, daga fitar gari har gangaren Hawan Kibo, jikina ke gaya mini kafin in kai. Ka duba takardunka, ko kaza na taɓa takawa?”

Na ce, “Ba ka taɓa ba, Baba, ni ne shaida. Kwana ba ta matsawa, rami ma yana nan inda ka bar shi jiya. Amma ɗan Adam ba ya gaya wa kowa ranar da zai tsallaka titi.”

Ya daɗe yana fuskantar inda muryata take. Sannan ya ce Allah ya kyauta, ya juya.

Na rubuta abin da na gani yadda na gan shi, na haɗa da takardar Sista, na kai wa mai gida. Shi Ibo ne haifaffen Jos, kuma a bayan motar Baba ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Abuja yana saurayi. Ya karanta, ya ajiye, ya sake ɗauka. “Sakatare, kai ba ka da sauƙi,” ya ce. Amma ya karɓi makullin. Ya mayar da Baba kula da lodi a tasha, ya kuma ce kamfani zai tsaya masa a yi aikin idon.

Abin da ya biyo baya ban yi mamakinsa ba. Idan na isa teburin mai shayi hira takan mutu. Aka laƙaba mini suna Alƙali. Wani ya ce a gabana, wai boko in ya yi yawa yakan cinye imani. Baba kuwa ya ƙi zuwa asibiti, yana cewa ba za a sa masa wuƙa a ido ba. Sai da rani ya shigo 'ya'yansa suka shawo kansa, aka yi ɗaya, bayan wani lokaci aka yi ɗayan.

Wata ranar Litinin da hantsi ina ofis tare da shugaban direbobi, muna duba jadawalin mako, sai ga Baba a bakin ƙofa da sabon tabarau. Wannan karon shi ya fara yi mini sallama tun daga nesa. Ya ce jiya ya dawo daga Abuja, ya je gaishe da wani ɗan'uwansa, kuma a kujerar gaba ya zauna zuwa da dawowa, a matsayin fasinja. Na ba shi kujera, ya ƙi zama.

“Sakatare, tambaya na zo yi. Bayan an sauko gangara, inda hanya ta miƙe, akwai wata makaranta a bakin titi, mai shuɗin fenti. Yaushe aka gina ta?”

Na ce ban riƙe shekarar ba. Shugaban direbobi ya ce, “Haba Baba, ai ta daɗe. Ta kai shekara huɗu.”

Baba ya gyaɗa kai a hankali. “Na ga yara suna tsallakawa. 'Yan ƙanana, jakar ma ta fi wasu girma. Daidai lokacin da na saba wucewa.” Ya dafa bakin tebur. “A wurin nan nake ƙara wuta. Na san hanya ce miƙaƙƙiya, babu komai sai gonaki.”

Can ya juya ga shugaban, wanda shi ya koya masa riƙe sitiyari, ya ce, “Kun so ni, na sani. Amma da Allah bai tsare ba, da me za ku rufa mini asiri ranar?”

Shugaban bai ɗago kai ba har Baba ya fita.

Daga baya Baba ya sake zama horon daga farko, a benci ɗaya da yara sa'o'in 'ya'yansa, ya ci gwajin da idonsa, na miƙa masa makulli da hannuna. Ya yi tuƙi na ɗan lokaci kafin ya ajiye don kansa.

Abin da na koya kuwa shi ne, ƙwarewa ba ta hana jiki tsufa, kuma mutum ba ya iya zama shaidar kansa a kan abin da ya daina gani. Saboda haka ne aka ce direba ya riƙa komawa a duba shi, ba don an raina shekarunsa ba. Rufin asiri hali ne mai kyau, da shi muke zaune da juna a garin nan. Amma idan asirin da za ka rufe yana ɗauke da rayukan waɗanda ba su san an yi shawarar ba, to ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi.