Pak Tumiran da Hawan da Babu

Kullum da safe Pak Tumiran, wato Malam Tumiran a yarensu, yakan ajiye babur bayan wani dogon bene na birnin Surabaya, ya karya da shinkafa da miyar gyaɗa a tsaye, ya gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Aikinsa kula da ƙananan na'urorin da ke ba esi da fanfo da fitilun ginin umarni. Kowacce da adireshinta, lambar da babbar kwamfuta ke kiran ta da ita. In sun amsa, babu mai tuna yana duniya. In sun yi shiru, kowa ya san sunansa har da na kakansa.

Ginin ba shi da hawa na huɗu. Mai shi, Koh Liong, ya ce lambar ba ta da sa'a, saboda haka lambobin lif mai kai mutane sama daga uku sai biyar. Waɗanda suka ja wayoyi tun farko kuwa da ƙafa suka ƙirga, suka raba adireshi bisa gaskiya.

Bara wani kamfani ya sauya na'urar ƙaramin asibitin wata mata, Bu Wening, da ke hawan bayan na uku, inda ake ajiye allurar masu ciwon suga. Ma'aikatan kamfanin suka dubi lif, suka ga biyar, suka ba ta biyar, alhali ta hawan da ke sama tana da ita. Washegari ɗakin magani ya fara ɗumi, allon kwamfuta kuwa na rantsuwa sanyi ƙalau. Bu Wening ta ce in aka kai yamma a haka sai zubar da allurar, ga marasa lafiya a kan benci.

Pak Tumiran ya duba wayoyi, lafiyarsu lau. Ya ja gwiwarsa mai ciwo ya bi matakala, sai ya tarar da ma'aikatan hawa na shida cikin rigunan sanyi suna atishawa.

"Pak, daskarar da mu za ka yi?" in ji wata.

Ya kira ta da sunan girmama mata: "Haƙuri, Mbak. Sanyin wasu kuke sha."

Ya sauko zai mai da adireshin asibitin zuwa huɗu, Koh Liong ya ce kowace lamba ban da wannan.

"Koh, da ita ginin ya tashi, ba a dai faɗa maka ba."

Pak Tumiran ya sa huɗun, kafin la'asar ɗakin maganin ya yi sanyi. Aka aika wa kamfanin godiya.

Kai ne, Pak, mai raba gardamar injuna, wanda ya tsufa a maƙale bayan silin yana neman wayar da ɓera ya ci. Wannan watan ka ajiye aiki, aka ba ka rigar batik mai zane-zane da ba ta kai ka ba. Mun gode, ko da godiyar ta makara kamar kullum. Masu gadonka su riƙa bin matakala suna ƙirga da kansu.

Har yau babu huɗu a lif. Amma kullum kwamfuta na kiran ta, tana kuma amsawa.