Maɓallin Manniru

Duk ɗalibin da ya taɓa kai aikin kammala karatu wurin bugawa a Gwagwalada ya san shagon Saudatu. Mace ce mai faɗa, ga tsada, amma idan ta buga maka aiki ko malami mai neman laifi sai ya haƙura.

Ƙanenta Manniru ne ya saita mata kwamfutar. Ya sa mata wata manhajar rubutu da ake koya wa aiki kamar ɗan koyo: ka danna maɓallin ɗauka, ka yi aikin sau ɗaya tana kallo, ka ɗaura shi a kan wani maɓalli, daga nan kuma duk lokacin da ka taɓa shi sai ta maimaita. Ya so ya koya mata, ta ce ita ba ta da lokacin wasan yara.

"Yaya, wata rana za ki neme ni," in ji shi.

Mota ta faɗi da shi a hanyar Uke, ya rasu.

Bayan sadakar bakwai ta buɗe shago, ta taɓa maɓallin da ke tsara shafin farko. Manniru ya saita shi yana tafiya a hankali, ashe kuma har da kuskurensa manhajar ta haddace. Haruffa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, suka yi tuntuɓe, suka koma baya suka goge, suka ci gaba. Garajensa ne sak.  Tun daga ranar ba ta fara aiki sai ta yi bismilla ta danna shi, ta zuba wa hannun ƙanenta ido. Abin da ya rage mata nasa ke nan, tana kuma tsoron ranar da zai ɓace.

Justina mai fotokwafi, maƙwabciyarta, takan leƙo ta ce, "Anti, wannan abu yana ba ni tsoro fa, ki cire shi."

"Ke dai ki kula da injinki."

Bana makarantar ɗaliban ta canza tsarin shafin farko. Saudatu ta zauna koyon abin da ta raina, tana karanta bayani tana tsaki. Ta yi niyyar ɗaura sabon tsarin a wani maɓalli can nesa, na Manniru ya zauna yadda yake. Ta danna ɗauka, ta buga shafin tsaf. Da ta zo ɗaurawa, yatsanta ya tafi inda ya saba zuwa kowace safiya.

Ta gane tun kafin ta ɗaga hannu: sabon ya hau kan na Manniru. Ta dai danna ta gani. Shafi ya fito fes, babu tuntuɓe ko ɗaya.

"Anti, kin iya!" in ji Justina daga bakin ƙofa.

Saudatu ta mai da yatsa kan maɓallin. Ta sake dannawa, ta kuma sake, tana jiran wani ya yi kuskure.